Ranar da Aka Fara Ganin Inda Murya Take Fitowa

Idan hunturu ya sauka a Matamaye, hazo ya rufe hanyar Kance, akwai mutanen da suke fara jin jiki kafin kowa: ladani, sanƙira, mai shela da malamin makaranta. Murya ce jarinsu, ita ce kuma ƙura take fara kamawa. A da, idan ta dishe, akan jiƙa citta da kanumfari a sha da zuma. In abin ya daɗe sai a ɗora wa beli laifi, a kira wanzami ya yanke shi. Na maroƙi kuwa ba a wahalar da kai, cewa ake abokin hamayya ne ya yi masa sammu.

Beli ya sha wuƙa ne don shi ido yake gani. Ainihin wurin yana can ƙasa, bayan zakaran wuya, inda tantani biyu suke kaɗawa fiye da sau 100 a daƙiƙa guda idan iska ta ratsa su. Mura, ƙura, hayaƙi ko yawan ɗaga murya suna kumbura su, sai su kasa haɗuwa daidai, sautin ya fito a dishe.

Wanda ya shahara da fara kallon wannan wuri yana aiki a jikin mai rai ba likita ba ne. Malamin waƙa ne ɗan Sifen, Manuel García. A 1854, a birnin Paris, ya sa ƙaramin madubin likitan haƙori a ƙarshen bakinsa, ya karkato hasken rana da wani madubin, ya ga maƙogwaronsa yana buɗewa yana rufewa. A 1858 Johann Czermak ya maye rana da fitila, dabarar ta shiga asibitoci.

Amma gani daban, ganewa daban. A farkon 1887 muryar Yariman Jamus, Friedrich, ta dishe, aka ɗauka sanyi ne. Likitocin ƙasarsa suka ce daji ne, a yi tiyata. Morell Mackenzie, da aka gayyato daga Ingila, ya ce a dakata, tun da ɗan naman da aka auna bai nuna ciwon ba. Ana wannan gardama cutar tana cin gaba. Ya hau gadon sarauta a Maris 1888 ba ya iya magana, sai dai ya rubuta umarni a takarda. Kwana 99 ya yi, ya rasu ranar 15 ga Yuni.

Yawancin dishewar murya ba ta kai nan ba. Ƙwayar cutar mura ce, takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu da hutu da shan ruwa, kuma yin raɗa ba hutu ba ne, ƙara wa tantanin wahala yake. Wadda ta haura mako uku, musamman ga mai shan taba, ita ce likitoci suke so a leƙa. Malamin da yake fama da aji cike da ƴara da ƙurar alli kuwa, sau da yawa sai ya kai hutun ƙarshen shekara yana cewa hunturu ne.