Ƙuri'ar Matan Arewa a Littattafan Tarihin Rayuwa: Ina Bature Ya Shige a Labarin Gambo Sawaba?

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci yadda littattafan tarihin rayuwar Hajiya Gambo Sawaba da na Funmilayo Ransome-Kuti suke bayyana gwagwarmayar neman ƙuri'ar mata a ƙarƙashin mulkin mallaka. Matsayinta shi ne, jinkirin da matan Arewacin Nijeriya suka sha har zuwa 1976 ya samo tushe ne daga tsarin mulkin En'e da Turawan Ingila suka gina, suka kuma kare, ba daga addini ko kulle kaɗai ba. Babbar hujjarta ita ce halin matan Hausawan Nijar, waɗanda doka ta ba su ƙuri'a tun 1956.

Gabatarwa

A zaɓen tarayya na ranar 12 ga Disamba 1959, mata sun jefa ƙuri'a a Legas da Ibadan da Inugu. A Kano da Zariya da Sakkwato kuwa, maza ne kawai aka yi wa rajista. Haka aka karɓi mulkin kai a 1960, haka aka yi zaɓen 1964, ba a buɗe wa matan Arewa akwati ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, a zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo. Amsar da ɗalibai suka haddace kan wannan jinkiri ita ce al'ada da addini. Ina ganin wannan amsa ta yi arha, kuma yadda muke karanta tarihin jarumanmu mata yana cikin abin da ya daure mata gindi.

Bitar Ayyukan Magabata

Littafin Nina Mba na 1982, Nigerian Women Mobilized, ya tsaya ne kan matan Kudu, ba ni da ja da shi. Haka kuma ayyukan Sklar na 1963 da Whitaker na 1970 sun yi wa jam'iyyun NEPU da NPC bayani mai gamsarwa, sai dai mata a gefe suke.

Wadda nake ja da ita ita ce Barbara Callaway, a littafinta na 1987, Muslim Hausa Women in Nigeria. Aikin yana da daraja, domin ta zauna da matan Kano, ta kuma ba NEPU haƙƙinta na jam'iyyar da ta fito fili ta nemi ƙuri'ar mata. Amma nauyin bayaninta ya karkata ga kulle da auren wuri da fahimtar malamai game da matsayin mace. Wanda ya karanta ta zai tashi da tunanin cewa Bature ya tarar da bango ne ya kasa hawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayanta sun ɗauki wannan ƙarshe suka bar hujjojinta, har ya zama ana rubuta Arewa kamar ƙasar da babu doka a cikinta sai ɗabi'a. Alhali ƙuri'a doka ce. Wani ne ya rubuta kalmar namiji a cikin ƙa'idar zaɓe, wani kuma ya sa mata hannu a Landan. Jonathan Reynolds, a littafinsa na 1999 kan zamanin siyasa, ya matso kusa da gaskiya da ya nuna cewa NEPU da NPC duk da harshen Musulunci suke jayayya, kowacce da malamanta. Idan masu neman ƙuri'ar mata da masu hana ta duk Musulmi ne masu kafa hujja da addini, to addinin shi kaɗai ba zai bayyana dalilin da ya sa ɓangare ɗaya ya yi rinjaye ba.

Dabarar Bincike

An karanta littafin Rima Shawulu na 1990 kan Gambo Sawaba, da For Women and the Nation na Cheryl Johnson-Odim da Nina Mba na 1997. An riƙa tambayar kowane labari: wa ya kama, wa ya yanke hukunci, da wace doka? Sannan aka gwada amsoshin da ƙa'idojin zaɓe na Nijeriya da na Nijar.

Sakamako

A tarihin Funmilayo, hannun Bature a bayyane yake. Tun 1918 aka ɗora wa matan Abeokuta haraji, don haka da Ƙungiyar Matan Abeokuta ta tashi a 1946, tana da igiyar ja: ba wakilci, ba haraji. Matan kasuwa suka kwana a ƙofar fada, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a Janairun 1949, aka soke harajin, mata huɗu suka shiga majalisar riƙon ƙwarya. Marubutan sun samu wasiƙunta da takardun ƙorafin da ta aika wa jami'an mulkin mallaka, saboda haka mai karatu yana ganin Razdan da idonsa.

A tarihin Gambo kuwa, Bature kan ɓace. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, ta rasa iyayenta tana ƙarama, aka aurar da ita tana da shekara 13, ta shiga NEPU jim kaɗan bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Masu ba da tarihinta suna ƙidaya mata ɗauri 16. A dubi labarin zuwanta Kano. Ta shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayanin jam'iyya, aka kai ƙara, 'yan doka suka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka kai ta gidan yari, daga baya aka kore ta daga ƙasar Kano. Duk fuskokin da ke cikin wannan labari na 'yan ƙasa ne: mai ƙara, ɗan doka, alƙali, gandiroba, sarki. Mai karatu sai ya ɗauka rikicin cikin gida ne tsakanin mace mai taurin kai da al'ummarta. Amma 'yan doka ma'aikatan En'e ne, kotun alƙali da gidan yarin ma na En'e ne, En'e kuwa dokar Gwamna ce ta kafa ta, Razdan da Di'o ne ke duba littattafanta, suna da ikon sake duba hukuncin kotunanta. Da ɗan gari kan ci gari. Rashin ganin Bature a wurin kamun shi ne alamar cewa tsarin yana aiki yadda aka tsara shi.

Haraji ma ya shigo. A Arewa, galibi sunan namiji baligi ne ke cikin takardar haraji, kuma da wannan takarda aka fara auna mai zaɓe tun zaɓen 1951 mai hawa-hawa. Igiyar da matan Abeokuta suka ja ba ta hannun matan Zariya. Amma da aka zo rabon kujeru, an ƙidaya su. A 1959 Arewa ta samu kujeru 174 daga cikin 312 na majalisar wakilai bisa yawan jama'a, mata na ciki. Kawunansu sun sayo kujeru, maza suka zaɓi masu zama a kai, kuma tarukan tsarin mulki na Landan na 1957 da 1958 suka amince da hakan.

Babbar hujjar tana tsallaken iyaka. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, addini ɗaya, mazhabar Malikiyya ɗaya, auratayya ba ta yanke ba. A 1951 dokar Faransa ta ba uwar 'ya'ya biyu damar zaɓe a yankunan mallakarta, sannan dokar Defferre ta ranar 23 ga Yunin 1956 ta ba kowane baligi, namiji da mace. Da wannan doka aka yi zaɓen majalisar Nijar na Maris 1957 da ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958. Klaas van Walraven, a littafinsa na 2013 kan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, ya nuna irin rawar da matan birane suka taka a cikinta. Wani zai ce ai Maraɗi mafakar sarakunan Haɓe ce da suka ƙi jihadi, kulle bai yi ƙarfi a can ba. To Damagaram fa, mai sarautar Musulunci da malamai? Birnin Ƙonni fa, da ke hancin Illela? Mace a Ƙonni tana da ƙuri'a shekara 20 kafin 'yar uwarta ta Illela. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya mallake su da irin cinikin da ya ƙulla da sarakuna. Faransa ta rage wa sarakuna ƙarfi, tana zartar da doka daga Faris. Ingila ta jingina mulkinta da nasu, ta kuma bar wa NPC, jam'iyyar da ta tsiro daga En'e, ikon cewa a'a.

Shi kansa Sardauna, jagoran NPC, a littafinsa My Life na 1962, da al'ada da ra'ayin mafi yawan mazan yankin ya kafa uzuri, ya kuma nuna cewa abin zai zo wata rana. Wannan lissafin siyasa ne, ba fatawa ba.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa samun ƙuri'a a takarda daban, amfani da ita daban. Faransa ba don ƙaunar mata ta yi dokar 1956 ba, kuma an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, Nijar ta koma jam'iyya ɗaya, ƙuri'ar mace da ta namiji duk suka zama ado. Haka nan shekara 16 na jinkirin sun faɗo bayan tafiyar Bature, alhakinsu yana wuyan 'yan siyasarmu. Littattafai biyu ne kuma kacal aka gwada, duka da Turanci aka rubuta su. Waɗannan sun rage faɗin hujjar, amma ba su taɓa tushenta ba, domin ƙa'idar da 'yan siyasarmu suka riƙe bayan 1960 ita ce wadda aka miƙa musu da sa hannun Landan.

Kira ga Manazarta

Tarihin Gambo Sawaba yana buƙatar sabon rubutu, da Hausa, wanda zai ajiye labarin bakinta kusa da littattafan kotunan alƙalai da rahotannin Razdan da ke gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna. Ina kira ga jami'o'in Zariya da Kano da Maraɗi da Damagaram da su haɗa ɗalibansu kan wannan aiki, su fara da tsofaffin matan da suka tsaya layin zaɓe a 1957 da 1976 tun suna raye.