Tarihin Kallon Dinyar Daji a Birtaniya

Dinyar daji baƙuwar hunturu ce a Birtaniya. Daga watan Oktoba take sauka garke-garke a tafkuna da fadamun bakin teku, ta fito daga Aisland da Girinland da arewacin Rasha, ba ta komawa sai sanyi ya ja baya wajen Maris ko Afrilu.

Mutanen dā ba su san inda take tafiya ba. Akwai wata iri mai farar fuska da baƙin wuya wadda ba a taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta ba, sai aka yanke cewa daga jikin itacen da ke yawo a teku take tsirowa. Wajen 1188 malamin coci Gerald na Wales ya rubuta haka, har wasu suka riƙa cin namanta a lokacin azumin Kirista, wai ba nama ba ne. Daga baya ne aka gano tana ƙyanƙyasa a duwatsun yankin ƙanƙara na arewacin duniya.

Ƙarni bayan ƙarni, mai zuwa fadama da asuba da bindiga yake zuwa. Peter Scott, wanda aka haifa a 1909, ɗan Kyaftin Scott da ya rasu a Antatika, shi ma da harbi ya fara, kafin ya ajiye bindiga ya riƙe zane da madubin hangen nesa. A Disambar 1945, a bakin kogin Severn kusa da ƙauyen Slimbridge, ya hangi 'yan ƙananan dinyoyi biyu na wata irin da ba kasafai ake gani a ƙasar ba, cikin garke mai kusan 2,000. A Nuwambar 1946 ya kafa cibiyar kula da tsuntsayen ruwa a wurin.

Abin da ya kawo mai sauƙi ne, amma shi ya sauya al'adar. Dinya tana da tsananin tsoro, ko motsi kaɗan ta gani sai ta tashi. Sai aka gina rumfunan katako masu siririyar taga, yadda ɗan makaranta da tsoho za su zauna kusa da garke ba tare da ya ankara ba. Aka shiga kama tsuntsayen da raga mai tashi da roka, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a sake su. A 1951 Scott ya bi dinya mai jan ƙafa har mahaifarta a tsakiyar Aisland, ya sa wa fiye da dubu ɗaya zobe.

Daga kallo aka koma ƙidaya, kuma nan ne babban amfanin yake. Masu sa kai suna fita rana ɗaya a duk faɗin ƙasar, kowa da tafkinsa, ba don kuɗi ba. Lissafinsu ya nuna dinya mai jan ƙafa ta tashi daga kimanin 30,000 a wajen 1950 zuwa dubu ɗaruruwa. Ya kuma nuna abin da ba a so: garken Slimbridge, wanda ya haura 7,000 wajen 1970, yanzu 'yan ɗaruruwa ne. Hunturu ya yi sauƙi a Turai, don haka yawancinsu a Holan suke tsayawa, ba sa ƙetare teku.