Asalin Shigar Muryar Mawaƙa Cikin Faifai

Da can, waƙa ba ta wuce inda muryar mai ita ta tsaya. In makaɗin Sarkin Kabi ya yi waƙa a ƙofar fada a Argungu, wanda ya halarta ya ji, wanda bai zo ba sai labari. Ma'ajiyarta kuwa kawunan 'yan amshi ne, su haddace, su koya wa 'ya'yansu.

A shekarar 1877 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙera na'urar da ke kama murya ta maido da ita. Daga baya Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai. Amma a lokacin sai mawaƙi ya yi ta kwarmato cikin wani babban mazurari kafin allura ta ji shi. Sai a 1925 aka soma ɗauka da makirufo, har mai taushin murya ya samu shiga.

Cikin waɗanda suka ci moriyar wannan akwai wasu samari uku a Amurka, Bing Crosby da Al Rinker da Harry Barris, da aka sani da Rhythm Boys. Sun haɗu a 1927 a ƙungiyar kiɗan jaz ta Paul Whiteman, ɗaya ya ja baki, biyu su karɓa, wani lokaci su haɗa murya gaba ɗaya. Duk wanda ya saba jin makaɗi da 'yan amshinsa ba zai ji tsarin baƙo ba. 'Yan shekaru kaɗan suka yi tare suka watse, amma ga muryarsu nan har gobe.

Mu kuwa na'urar ta makara wajen iso mana. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi bikin kamun kifi domin karrama shi. Ina kaɗe-kaɗen wannan rana? Zamanin su Aliyu Ɗandawo, makaɗin fadar Argungu da ya koma Yawuri, waƙoƙi da yawa sun bi masu su kabari, abin da ban takaici. Sai da Rediyon Kaduna ya kafu a 1962, kaset kuma ya bazu a kasuwanni, sannan makaɗanmu suka shiga taska sosai.

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, ku duba akwatunan iyayenku. Duk mai tsohon faifai ko kaset na makaɗan Kabi, ya fito da shi a juye a kwamfuta tun bai lalace ba.