Masu Ƙirga Zukatan Jama'a: Tarihin Injiniyoyin Tallan Siyasa

A shekarar 1959 wani mai sana'ar talla, Ed Greenfield, ya kafa kamfanin Simulmatics a birnin New York tare da Ithiel de Sola Pool, malamin kimiyyar siyasa a jami'ar MIT. Sun tattaro sakamakon ƙuri'un jin ra'ayi da cibiyoyin Gallup da Roper suka yi shekara da shekaru, suka zuba su cikin kwamfutar IBM 704, suka kasa masu jefa ƙuri'a na Amurka gida 480 bisa addini, jinsi, yanki, aljihu da jam'iyya. Cikin waɗanda suka yi aikin rubuta manhajar har da Alex Bernstein, wanda ya yi suna wajen koya wa irin wannan na'ura wasan darar Turawa. Wanda ya saba lissafa tafiyar 'ya'yan dara ne aka ɗora wa lissafa tafiyar zukatan mutane, kuma daga nan wannan sana'a ta samo asali.

A watan Agustan 1960 kamfanin ya shawarci John F. Kennedy da ya daina kauce wa zancen ɗarikarsa ta Katolika, ya fuskance shi gaba da gaba. A watan Satumba kuwa ya yi jawabinsa na Houston a gaban limaman Furotesta. Mutanensa sun musanta cewa na'ura ce ta ja masa gora, kamfanin kuma ya durƙushe a 1970. Amma dabarar ba ta bi shi kabari ba.

Da intanet ta yawaita, sai jam'iyyu suka fara ɗaukar injiniyoyi aiki kai tsaye. A 2011 kwamitin yaƙin neman zaɓen Barack Obama ya ɗauko Harper Reed, tsohon ma'aikacin kamfanin sayar da riguna na Threadless, tawagarsa ta gina Narwhal, rumbun da ya haɗe bayanan masu ba da gudummawa da 'yan sa-kai da masu zaɓe wuri guda. Jaridu sun yi ta yabo a lokacin. Ba kasafai ake tuna cewa manhajarsu ta Facebook ita ma tana leƙa jerin abokan magoya baya ba.

Ta wannan ƙofa ce Cambridge Analytica ya shigo. A 2013 Michal Kosinski da abokan aikinsa na jami'ar Cambridge suka wallafa binciken da ya nuna cewa abubuwan da mutum ya danna wa alamar so a Facebook na iya tona addininsa da ra'ayin siyasarsa da ɗabi'arsa. A 2014 wani malamin jami'ar, Aleksandr Kogan, ya ƙirƙiri manhajar gwajin ɗabi'a. Kimanin mutum 270,000 ne suka amsa tambayoyinta, amma tsarin Facebook na wancan lokaci ya yarje wa manhaja ta kwashi bayanan abokan duk wanda ya shiga, ko sun sani ko ba su sani ba. Daga bisani Facebook ya ce abin zai iya shafar mutum miliyan 87. Ba a fasa ƙofar kowa ba. Injiniyoyin wani kamfani ne suka bar ta a buɗe, na wani kamfanin suka shiga da buhu.

Yana da kyau a fahimci yadda ranar aiki take ga irin wannan injiniya. Ba ya rubuta taken kamfe, ba ya hawa mumbari. Aikinsa shi ne daidaita sunayen da ke rajistar zaɓe da asusun mutane na intanet, ya kasa su rukuni-rukuni, ya gina tsarin da zai gwada talla iri biyu a kan jama'a ya ga wanne ya fi jan hannu. Idan wanda ya fi tsoratarwa ne ya yi rinjaye, na'ura za ta ƙara yaɗa shi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Abin da ke gaban injiniyan lamba ce da ta hau ko ta sauka. A ganina, wannan tazara tsakanin mai aiki da fuskar wanda aikin zai faɗa wa ita ce ta sa sana'ar ta yi sauƙin yi ga mutane masu kunya a sauran al'amuransu.

Najeriya ta ɗanɗana. A watan Maris na 2018 jaridar Observer ta Birtaniya ta ruwaito cewa wani attajiri mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauki hayar kamfanin gabanin zaɓen 2015. Christopher Wylie, tsohon ma'aikacinsa da ya fasa ƙwai, ya shaida wa kwamitin majalisar dokokin Birtaniya cewa kamfanin AggregateIQ na Kanada ya yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan yanka da ƙone-ƙone, wanda ke nuna cewa haka ƙasar za ta koma idan Muhammadu Buhari ya hau mulki ya ƙaƙaba shari'a. An yi wannan ne a ƙasar da rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci ɗaruruwan rayuka a Arewa, musamman a Kaduna. Buhari ya ci zaɓen duk da haka, abin da ya sa wasu masana ke cewa kurin kamfanin ya fi ƙarfinsa. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai rashin cin zaɓe bai wanke hannun da ya tura bidiyon ba, domin wanda ya kalla a Jos ko Fatakwal da maƙwabcinsa zai kwana, ba da ɗan takara ba.

Cambridge Analytica ya rufe a watan Mayun 2018, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka kuma ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. A watan Oktoban wannan shekara ma'aikatan Facebook kimanin 250 suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga Mark Zuckerberg, suna adawa da barin 'yan siyasa su biya kuɗi su yaɗa ƙarya ba tare da tantancewa ba. Kamfanin bai sauya matsayi ba. Twitter kuwa ya haramta tallan siyasa a ƙarshen watan, sannan ya dawo da shi a 2023 bayan Elon Musk ya saye shi.