Gangar Akan ta Barjiniya: Tarihinta, Gyaranta da Yadda Aka Gano Shekarunta

1.0 Gabatarwa

Ganga ba ta cikin kayan da suke daɗewa a duniya. Da itace da fata da igiya ake haɗa ta, kuma duk ukun nan abincin gara ne, ga laimar damina, ga bushewar hunturu. Shi ya sa idan aka sami gangar da ta doshi shekara 300 tana nan da kangonta da fatarta, masana tarihi sukan ba ta muhimmanci ƙwarai. Wannan takarda za ta yi nazarin wata ganga irin wannan, wadda aka sassaƙa a ƙasar Akan, wato a kudancin Gana ta yau, aka tsince ta a Barjiniya ta Amurka, sannan ta ƙare a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan. Za a duba yadda ta yi wannan tafiya, da yadda aka daɗe ana jingina ta ga mutanen da ba su ne suka yi ta ba, da hanyoyin da aka bi aka gano asalinta da shekarunta.

2.0 Siffar Gangar

Tsayin gangar kimanin santimita 40 ne. Daga gungume ɗaya aka fafe ta, samanta da faɗi, ƙasanta a tsuke kuma a buɗe, ga zane-zanen layuka da aka sassaƙa a jikinta. Baki ɗaya ne kawai aka rufe da fata. An ɗaure fatar da igiya a jikin wasu turakun itace guda shida da aka soka kewaye da kangon. Idan makaɗi yana son fatar ta ƙara tauri, sai ya buga turakun su ƙara shiga ciki. Wannan ya bambanta da kalangu, wanda ake matse tsirkiyoyinsa a hammata domin sauya murya. Mutanen Akan suna kiran irin wannan ganga apentemma, kuma har yau ana kaɗa ta a fadoji da bukukuwa a ƙasarsu.

3.0 Daga Gaɓar Tekun Gana Zuwa Barjiniya

A farkon ƙarni na 18 daular Asante tana tasowa. A shekarar 1701 Osei Tutu ya ci Denkyira da yaƙi, daga nan kuma yaƙe-yaƙe suka yawaita a yankin, kamammu suka yi yawa. A bakin teku akwai ganuwoyin Turawa irin su Elmina, wadda Fotugis suka gina a 1482, Holandawa suka ƙwace a 1637, da kuma Kef Kos da ke hannun Ingilishi. Daga waɗannan wurare ake loda bayi a jiragen ruwa. An ƙiyasta cewa mutanen da aka kwashe daga Afirka aka nufi ƙetaren Atlantika da su sun haura miliyan 12. Barjiniya kuwa, tun 1619 aka fara kai mata mutanen Afirka, kuma arzikinta ya dogara ne a kan noman taba.

Bawa ba ya shiga jirgi da kayansa, don haka masana suna ganin da wuya a ce wani kamamme ne ya riƙo gangar. Akwai hasashe biyu. Na farko, mai yiwuwa ne kyauta aka yi wa matuƙin jirgi, ko kuma wani ɗan sarauta da ya bi jirgin ne ya tafi da ita. Na biyu ya fi ɗaci. A jiragen bayi akwai al'adar fito da kamammu saman jirgi a tilasta musu yin rawa, sau da yawa da bulala, domin kada jikinsu ya mutu kafin a isa kasuwa. Don haka ta yiwu gangar da aka sassaƙa domin fada ita ce aka mayar kayan azabtarwa a tsakiyar teku.

Masu gonaki a Amurka sun riƙa tsoron ganga, domin sun san tana tara jama'a kuma tana isar da saƙo. A 1739 bayi sun yi bore a Stono, cikin Karolina ta Kudu, kuma an ruwaito cewa sun tafi suna kaɗa ganguna. A 1740 aka kafa dokar da ta hana bayi mallakar ganguna da ƙahoni a wannan yanki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gangunan Afirka na wancan zamani suka yi ƙaranci a Amurka, kuma shi ya ƙara wa wannan ɗaya daraja.

4.0 Kuskuren da Ya Daɗe

Wajajen 1730 wani limamin kirista mai suna Clerk ya sami gangar a Barjiniya, ya aika wa Hans Sloane a Landan. Sloane likita ne mai sha'awar tara kayan tarihi da tsirrai. Ya zauna a Jamaika daga 1687 zuwa 1689, ya ga bayi da idonsa, har ya sa aka rubuta wasu daga cikin kaɗe-kaɗensu. Ya kuma auri mace mai gadon gonakin rake a Jamaika, saboda haka wani ɓangare na dukiyar da ya tara kayansa da ita daga gumin bayi ya fito. Da ya rasu a 1753 ya bar kaya kimanin 71,000, kuma da su aka kafa Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda aka buɗe wa jama'a a 1759.

A kundin Sloane an rubuta cewa gangar ta ƴan asalin Amurka ce, waɗanda Turawa suke kira Indiyawa. Tunda daga Barjiniya ta zo, babu wanda ya yi tantama. Haka ta zauna da wannan suna fiye da shekara 150. Sai a 1906 wasu ma'aikatan gidan suka lura cewa siffarta da yadda aka ɗaure fatarta sun fi kama da na gangunan Afirka ta Yamma. Amma kama da wane ba ta wane, kuma siffa kaɗai ba ta isa hujja ba, domin bawan Akan zai iya sassaƙa irin gangar garinsu da itacen Amurka.

5.0 Hanyoyin Gano Asali da Shekaru

5.1 Shaidar Itace

A shekarun 1970 aka bincika itacen da taimakon masana tsirrai na lambun Kew. Hanyar ita ce a yanki ɗan siririn ɓallin itace a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a kwatanta tsarin jijiyoyinsa da na itatuwan da aka riga aka sani. Sakamakon ya nuna cewa kangon na itacen Cordia africana ne, wanda a Afirka yake fitowa. Hausawa sun san wannan itace da sunan alilliba, kuma masassaƙansu ma suna fafe ganguna da shi saboda sauƙin sassaƙa da daɗin amo. Turakun kuwa na majigi ne, igiyar kuma akwai zaren tukurwa a cikinta. Da wannan aka tabbatar cewa a Afirka aka yi gangar.

5.2 Shaidar Rubutu

Kundin Sloane, duk da kuskuren da ke cikinsa, shi ne ya fi taimakawa wajen shekaru. Tunda gangar tana cikin kayan da ya bari a 1753, ba za ta kasa wannan shekara tsufa ba. Idan aka haɗa da lokacin da Clerk ya same ta, sai a ga cewa a farkon rabin ƙarni na 18 aka yi ta.

5.3 Iyakar Awon Kimiyya

Ɗalibi zai iya tambaya, me ya sa ba za a dogara da awon kabon ba? Wannan hanya, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, tana auna ragowar wani nau'in kabon da rabinsa yake zagwanyewa duk bayan shekara 5,730. Tana aiki sosai a kan kayan da suka yi dubban shekaru. Amma ga abin da aka yi tsakanin 1650 da 1950, awon yakan ba da shekaru da yawa masu yiwuwa, ba ya tsayar da guda. Ƙirga zoben shekara na cikin gungume shi ma bai dace ba, domin an fafe cikin gangar, kuma yawancin itatuwan ƙasashe masu zafi ba su da zobe bayyananne. A nan takarda ta fi na'ura amfani.

6.0 Batun Fata da Gyara

Duk makaɗi ya san kango yana cin fata da yawa kafin ya tsufa. Fata takan fashe, a jiƙa sabuwa a ɗora, igiya ta tsinke a sauya. Ke nan ganga ɗaya tana iya ɗaukar shekaru iri-iri a jikinta, kuma kuskure ne a auna fata a ce an san shekarun kango.

A kan fatar wannan ganga akwai ra'ayi biyu. Wasu sun ce fatar barewar Amurka ce. Idan haka ne, to wani ya gyara gangar a Barjiniya, wataƙila bawa ne da ya san sana'ar tun daga gida, kuma wataƙila daga hannun ƴan asalin ƙasar ya sami fatar, domin suna cinikin fatun barewa a lokacin. Wasu kuma suna ganin tana iya zama fatar dabbar dawa ta Afirka dangin gada, irin wadda masu yin ganguna na Akan suke amfani da ita. Idan wannan ne, to gangar ta ƙetare teku da fatarta ta asali.

Wannan muhawara ta nuna bambancin gyaran makaɗi da gyaran gidan tarihi. Burin makaɗi ganga ta yi amo, don haka yakan yar da tsohuwar fata ba tare da damuwa ba. Mai adana kayan tarihi kuwa, tsohuwar fatar ita ce shaidarsa. Aikinsa shi ne ya share ƙura da burushi mai laushi, ya daidaita laima da zafin ɗaki don kada itace ya tsage, ya kare kayan daga ƙwari, ya kuma rubuta duk abin da ya taɓa. Idan ya liƙa wani abu, sai da abin da za a iya cirewa daga baya. Da a ce wani ya yi wa gangar nan sabuwar fata da sababbin turaku a ƙarni na 19 domin ta yi kyan gani, da shaidar majigi da tukurwa ta salwanta.

7.0 Kammalawa

Gangar da aka daɗe ana kira ta Indiyawa yanzu ana ƙirga ta cikin mafi daɗewar kayan baƙaƙen fatar Amurka da suka rage. A 2010 tana cikin kaya 100 da aka zaɓa a wani shirin rediyon BBC domin ba da tarihin duniya, ita ce ta 86. Tarihinta ya nuna cewa shaida ɗaya ba ta wadatarwa: rubutu ya ba da shekaru amma ya ɓata asali, siffa ta jawo shakka, itace ya yanke hukunci. Akwai tsofaffin tambura da ganguna a fadojin ƙasar Hausa da na zangunan Gana, kuma hanyar nan za ta yi musu amfani. Kafin a sauya wa tsohon tambari fata, yana da kyau a rubuta abin da makaɗan fada suka sani game da shi, a ɗauki hotonsa, a kuma adana tsohuwar fatar da igiyarta.