Yawon kwale-kwale a Gandun Dajin W

Yawon kwale-kwale a Gandun Dajin W wani nau'in yawon buɗe ido ne da baƙi suka riƙa yi a da tare da jagora a kan Kogin Neja, inda suke tafiya da rana suna kallon namun daji da tsuntsaye, da dare kuma su kwana a tanti a bakin ruwa ko a tsibiri. Gandun yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 10,000, kuma ƙasashe uku suka raba shi: Nijar, Benin da Burkina Faso. Bayan kogin ya wuce gandun sai ya gangara ta Gaya da Malanville, ya shigo Najeriya ta wajen Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Saboda haka ruwan da masunta da manoman shinkafa na Illo da Lolo suke rayuwa a kansa shi ne ruwan da ya ratso gefen gandun.

Suna da tarihi

An samo sunan ne daga yadda kogin ya yi lanƙwasa sau da dama a wannan yanki, har ya yi kama da harafin W a taswira. Turawan mulkin mallaka na Faransa suka ayyana wurin a matsayin gandun daji na ƙasa a shekarar 1954. A 1996 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin jerin wuraren tarihi na duniya, sannan a 2017 aka faɗaɗa rajistar ta haɗa da gandun Arly na Burkina Faso da na Pendjari na Benin. Tun shekarar 2020 ƙungiyar African Parks ce ke kula da ɓangaren Benin bisa yarjejeniya da gwamnatin ƙasar.

Yadda ake tafiyar

A da, mafi yawan baƙin da suka bi ta Nijar sukan shiga ne ta ƙofar Tapoa, mai nisan kusan kilomita 150 daga Yamai, daga nan a kai su bakin kogi. Sansanonin da aka fi sani a kan ruwan sun haɗa da Karey Kopto da Boumba, wanda ke kusa da inda Kogin Mekrou ya haɗu da Neja. Ta ɓangaren Benin kuwa, Karimama ce garin da ya fi kusa da wannan gefen kogin. Ba a barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai, dole sai da jagora. Matuƙan jiragen galibi mutanen ƙauyukan bakin ruwa ne, Zabarmawa da Dandawa da Sarkawa, waɗanda suka san inda ruwa yake da zurfi da inda dorina ke kwanciya. Wannan sani shi ne jarin sana'ar, domin dorina mai ɗa tana iya kifar da kwale-kwale idan aka matse ta. Wasu jiragen da inji suke tafiya, amma masu son kallon tsuntsaye sun fi son na tuƙi da hannu, saboda ƙarar inji tana korar su.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ɓangaren kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa da damina daga ruwan saman yankin. Ta biyu kuma ruwan tsaunukan Gini ne da ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, bai iso ba sai cikin hunturu. Shi ya sa jirgi yake samun ruwa mai yawa a lokacin da babu ruwan sama, kuma babu zafi sosai. Daga Maris zuwa Mayu dabbobi sun fi taruwa a mashaya, sai dai zafin bazara yana da tsanani.

Abin da ake gani

Gandun daji ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin su kuka da tsamiya da giginya. Kurmi mai duhu sai a bakin Mekrou da sauran rafuka. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, mariya da kada, kuma yankin yana cikin wurare ƙalilan da zaki ya rage a Afirka ta Yamma. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 350, ciki har da gauraka da zalɓe da dinya. Ayu ma yana cikin kogin, amma ganinsa sai mai rabo.

Matsalar tsaro

Rashin tsaro ya durƙusar da wannan sana'a. A watan Mayu na 2019 an sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun Pendjari, aka kashe jagoransu ɗan Benin. A watan Fabrairu na 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya sun hallaka ma'aikatan gandun W a ɓangaren Benin, har da wani Bafaranshe mai horar da su. A 2025 kuma ƙungiyar JNIM ta kai wa sojojin Benin munanan hare-hare a cikin gandun, a watannin Janairu da Afrilu. Baƙi sun daina zuwa, jagorori da masu jirage da masu dafa abinci a sansanoni suka rasa abin yi. Ga kuma tsohuwar takaddama tsakanin hukumomin gandun da Fulani makiyaya masu saukowa kudu da rani, waɗanda ake hana su shiga da dabbobi.

Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, sai kwale-kwale ya zama hanyar tsallakar da mutane da kaya tsakanin garuruwan biyu.