Akwatin Ɗaukar Hoto a Kasuwannin Arewacin Kano

Masu binciken tarihin hoto a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga hotunan da Turawa suka ɗauka na sarakuna da hawan salla. Amma talakan karkarar Kano, inda gona ke manne da gona daga Ungogo har Bici da Dambatta, galibi a gaban wani akwatin katako mai ƙafa uku ya fara tsayawa, ran kasuwa, don hoton fasfo na aikin hajji ko na takardar makaranta.

Asalin hikimar tsohuwa ce. Alhasan ɗan Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda, ya zana surar abin da ke waje a kife. A 1841 kuma Talbot na Ingila ya yi rajistar hanyar kama sura a kan takarda. Hanyarsa ce masu akwati suka riƙe, bayan Turai ta daɗe da komawa ga fim.

Kafinta ke haɗa akwatin. Gilashin gaba da takardar hoto da magunguna su ne na saye. A ciki akwai 'yan faranti biyu, ɗaya na maganin fito da sura, ɗaya na tsayar da ita, ga kuma hannun riga na baƙin yadi inda mai hoto ke zura hannu ba tare da haske ya bi shi ba. Watau ɗakin wanki ne sukutum cikin akwati. Ba shi da makullin haske irin na kamarar kanti, kuma wannan ba kasawa ba ce, domin takarda ba ta da saurin kama haske kamar fim. Sai mai hoto ya zare murfin gilashi, ya ƙirga daƙiƙa biyu ko uku, ya mayar. Surar farko takan fito a juye, fari ya zama baƙi. Ita ake kafawa a kan allo gaban gilashin, a sake ɗauka, a miƙa wa mai shi hotonsa da sauran danshi.

Ba a Kano kaɗai ba: Cornelius Azaglo Augustt, wanda ya zauna a Korhogo ta Kwaddibuwa tun 1955, da irin wannan akwati ya soma sana'a. Shi an adana ayyukansa. Na karkarar Kano kuwa ba sa sa hannu a hoto, surar farko ma yawanci yar da ita ake yi, don haka abin da ya rage yana liƙe ne a tsofaffin fasfo da takardun shaida cikin adakar gidaje.